Cutar Noma, Wadda Take Cin Fuskar 'Ya'yan Talakawa

Akwai wata cuta da likitoci suke kira noma. Ba noman gona ba ne, kalma ce ta Yunananci mai nufin cinyewa. Yawanci yara take kamawa daga shekara 2 zuwa 6. Farkonta ɗan miki ne a dasashi, da warin baki, da kumburin kunci. In ba a tare ta ba, cikin 'yan kwanaki sai ta huda kumatu, ta ci leɓe da hanci har ƙashi. Masana sun ce cikin yara 10 da ba su sami magani ba, kamar 9 mutuwa suke yi. Wanda ya rayu kuwa, sau da yawa muƙamuƙinsa ya kan ƙage, ci da magana su gagare shi, a riƙa ɓoye shi a ɗaki.

Abin lura shi ne, wannan cuta ba ta yawan shiga gidan wadata. Yaron da yunwa ta rame, ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro suka karya masa jiki, shi take samu. A dā akwai ta a Turai, amma da abinci da tsabta suka wadata sai ta kau. Ta sake ɓulla a sansanonin da Jamus ta tsare mutane cikin yunwa lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Watau dai inda talauci ya yi tsanani, nan take sauka.

Maganinta a farko ba shi da tsada: maganin kashe ƙwayoyin cuta, da wanke baki, da abinci mai gina jiki. Amma ɗan birni asibiti na kusa da shi, ɗan ƙauye kuwa sai ubansa ya nemi kuɗin mota, wataƙila ya sayar da akuya, kafin nan cuta ta yi nisa. Nan ne bambancin yake.

A Sakkwato an kafa asibitin yara masu noma a 1999, ƙungiyar likitoci ta MSF kuma ta shiga taimaka masa tun 2014, ana gyaran fuska kyauta. A Disamba 2023, bisa roƙon da Nijeriya ta jagoranta, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa noma cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su.

To, malamai su ne ake fara kai wa yaro, fatake kuma su ne masu ratsa ƙauyuka. Wanda duk ya ga yaro da dasashi mai jini da kunci a kumbure, lalle ya gaya wa iyaye su kai shi asibiti a ranar, kada a kwana. Mai hali kuma ya biya musu kuɗin mota. Allah ya kiyashe mu, amin.