Ziyartar ƙasar waje da jirgin ruwa mai filafilai

Ziyartar ƙasar waje da jirgin ruwa mai filafilai tafiya ce da mutum ɗaya ko ƙaramin ayari ke yi a jirgin shaƙatawa wanda iska ke turawa, daga ruwan wata ƙasa zuwa na wata. Ta bambanta da tafiyar jirgin sama, domin babu kamfanin da ke kula da takardun matafiya. Kyaftin ɗin jirgin, wanda galibi shi ne mai shi, shi ke da alhakin jirgin da mutanen ciki da kayansu a gaban hukuma. Kuskure wajen shiga ƙasa yana iya jawo tara, ko tsare jirgin, ko korar matafiyan.

Iyakar ruwa

Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan dokar teku ta 1982 ta bai wa ƙasa mai gaɓar teku iko da ruwan da ya kai mil 12 na teku daga gaɓarta. Mil ɗaya na teku daidai yake da mita 1,852. Baƙon jirgi yana da damar ratsa wannan ruwa cikin lumana, amma idan yana son ya yada zango ko mutanensa su taka tudu, wajibi ne ya fara zuwa ɗaya daga cikin tashoshin shiga da gwamnati ta ayyana.

Takardu

Hukumomi kan nemi fasfo da biza na kowane matafiyi, takardar rajistar jirgin, inshora, lasisin rediyo, da jerin sunayen mutanen da ke ciki. Akwai kuma takardar sallama daga tashar da aka baro, wadda ake kira zarpe a ƙasashen da ke magana da Sifaniyanci. Wanda ya fito daga yankin da ake samun cutar shawara, kamar Afirka ta Yamma, ana iya neman katinsa na rigakafi.

Wa'adin mutum daban yake da na jirgi. A yankin Schengen na Turai baƙo yana da kwana 90 cikin kowane kwana 180, alhali jirgin da aka yi wa rajista a wajen Tarayyar Turai yana iya zama har wata 18 ba tare da biyan harajin shigo da kaya ba.

Tsarin shiga

Wasu ƙasashe suna buƙatar sanarwa tun kafin isowa: Ostireliya awa 96, New Zealand awa 48. Idan jirgin ya kusanci tasha, ana ɗaga rawayar tuta mai wakiltar harafin Q, wadda ke nuna cewa babu cuta a cikinsa kuma yana neman izinin shiga. Ana iya kiran tashar ta rediyon VHF a zango na 16, wanda aka ware don kira da neman agaji. Bisa al'ada, kyaftin kaɗai ke sauka da takardu zuwa wajen jami'an lafiya, kwastam, shige da fice da shugaban tasha, sauran kuma su jira a jirgi. Bayan an kammala, sai a sauke rawayar tutar, a ɗaga ƙaramar tutar ƙasar a ɓangaren dama don girmamawa.

Dole ne a bayyana bindiga, dabbobi da wasu magunguna. New Zealand da Ostireliya suna da tsanani kan ɗanyen nama, 'ya'yan itatuwa da tsirrai, kuma suna duba gindin jirgin don kada ya shigo da baƙin halittun ruwa.

Alamomi da yanayi

Alamomin hanya masu iyo a kan ruwa ba iri ɗaya ba ne a ko'ina. A Turai da Afirka da yawancin Asiya, mai shiga tasha yana barin jar alama a hagunsa. A nahiyar Amurka da Japan da Koriya ta Kudu da Filifin kuwa, a damansa yake barin ta. Wanda ya rikita su yana iya hawa kan dutse ko yashi.

Lokacin tafiya ma yana bin yanayi. Daminar guguwa a Tekun Atlantika tana farawa ne ranar 1 ga Yuni, ta ƙare ranar 30 ga Nuwamba. Shi ya sa gangamin ARC, wanda aka fara a 1986, yake tashi daga Las Palmas a tsibiran Kanari a ƙarshen Nuwamba zuwa Saint Lucia, tafiyar kusan mil 2,700 na teku. Masu irin wannan doguwar tafiya suna tanadar isasshen ruwan sha, rigunan ceto, kwale-kwalen gaggawa da na'urar EPIRB, wadda ke aika kiran agaji ta tauraron ɗan'adam.