Kafin Ka Ɗauki Shatar Mota a Gaɓar Amalfi

Hanyar da ta bi gaɓar Amalfi, a kudancin Italiya, a jikin dutse aka sassaƙa ta, teku kuma na can ƙasa. Tsawonta kimanin kilomita 50 ne, kuma nan baƙo yake ruɗuwa. Sai ya dubi taswira ya ce ai tafiyar awa ɗaya ce, ya jera wa kansa wurare biyar da zai tsaya tsakanin Sorrento da Salerno. Alhali hanyar siririya ce, kwana a kan kwana. In manyan motocin bas biyu suka yi kiciɓis a lanƙwasa, dole ɗaya ta ja da baya, duk wanda ke biye da ita ya jira. A watannin Yuli da Agusta cunkoson kaɗai zai cinye maka rabin yini.

Saboda haka maganar tsayawa ita ce farkon ciniki. Direbobin shata masu lasisi, waɗanda ake kira NCC, sukan faɗi kuɗin kai ka kawai, jira kuwa lissafinsa daban. Ka tambaya minti nawa za a yi a kowane wuri, kuma wa zai biya kuɗin ajiye mota. A rubuta kafin ka ba da kafin alƙalami.

Mai tasowa daga Napoli yakan so ya ratse Pompeii, garin da aman dutsen Vesuvius ya binne a shekara ta 79. Wurin ba na leƙe ba ne, awa biyu ma a gurguje ce. Tun Nuwamba 2024 mutum 20,000 kaɗai ake bari su shiga a rana, tikitin kuma da sunanka. Don haka kada ka bar fasfo cikin akwati a mota. A Positano kuwa mota ba ta kai ka bakin ruwa, matakala ce za ka yi ta sauka, ka kuma hawo. Mai tafe da dattijo ya yi tunani.

In da ni ne, garin Amalfi zan ba lokacin. Yau ɗan ƙaramin gari ne, amma a ƙarni na 10 da na 11 jamhuriya ce mai jiragen fatauci zuwa Masar da Rumawan gabas. Alamun suna nan: ƙofar tagullar cocin Sant'Andrea, wadda sai ka taka matakala 62 za ka isa gare ta, a Kustantiniya aka ƙera ta, bakunan ginin harabar da ke gefensa kuma salon Larabawa ne. Har gidan tarihin takardar da ake yi da hannu akwai a cikin kwarin garin.

Wanda zai tuƙa motar haya da kansa ya kula da allo mai rubutun ZTL. Unguwa ce da aka hana baƙin motoci shiga, kyamara ke gadi, tarar kuma takan biyo mutum gida bayan watanni.

Sai abin sakawa a baki. Kwalaben nan masu ruwan ɗorawa da ake miƙo maka ɗanɗano a shagunan hanya, limoncello, giya ce da aka yi da ɓawon lemun tsami. Kayan fulawa irin su sfogliatella ma akan yi su da strutto, wato kitsen alade, don haka ka tambaya kafin ka saya.