Gargaɗi Ga Jama'ar Gwammaja: Kada A Daki Kowa Kan Zargin Satar Mazakuta

Jama'ar Gwammaja da maƙwabtanmu na Dala da Ƙofar Ruwa da Ƙofar Mazugal, musamman matasa 'yan majalisa da masu adaidaita sahu: duk ranar da wani ya ƙwalla ihu cewa an gaisa da shi, ko an goge shi a hanya, gabansa ya ɓace, kada wanda ya ɗaga hannu. A tsare su duka biyun, mai ƙara da wanda ake zargi, a kai su ofishin 'yan sanda, daga can a wuce asibiti likita ya duba.

Wannan jita-jita tsohuwa ce. Tana lafawa, ta sake tasowa, kuma sau da yawa idan ta taso takan ci rai. A 1975 a Kaduna, 'yan sanda sun kai wa Dakta Sunday Ilechukwu wani mutum da ya rantse an sace masa gaba. Aka duba, komai na nan yadda Allah Ya halicce shi. A 1990 abin ya rikita Legas. A 1997 an kashe mutane a Gana da Senegal a kan wannan zargi. A 2023 ya dawo Abuja, inda 'yan sanda suka ce an kai musu ƙara sama da 60, suka kuma gurfanar da mutum fiye da 50 a kotu saboda ƙarar ƙarya.

Da yawa daga masu ihun ba maƙaryata ba ne, a firgice suke da gaske, kuma a nan ya kamata mu nutsu. Idan tsoro ya kama mutum, jijiyoyin jini na tsukewa, tsoka ta ja gaba da 'ya'yan maraina ciki. Duk namijin da ya taɓa wanka da ruwan randa da asubar hunturu ya san haka a jikinsa. To, wanda ya kwana yana sauraron saƙon murya a WhatsApp cewa ɓarayin mazakuta sun shigo gari, da baƙo ya taɓa shi sai gabansa ya faɗi, ya kai hannu, ya ji ba kamar kullum ba, ya yi ihu. Ihun ya ƙara masa tsoro, tsoron ya ƙara tsuke jiki. Likitocin ƙwaƙwalwa sun daɗe da sanin wannan firgici. A 1967 ya kama ɗaruruwan maza a Singafo bayan an yaɗa cewa naman dabbar da aka yi wa rigakafi ne ke jawo shi, kuma da likitoci suka yi wa jama'a bayani a rediyo da jaridu sai ya lafa.

Za ku ji ana cewa: "Ai da aka dake shi ya mayar masa." Kafin a ce an mayar, wa ya tabbatar an ɗauke? Hankalin mai ihu ne ya kwanta, jikinsa ya saki. Wani kuma zai ce an mayar amma ba ya aiki. Wane namiji ne jikinsa zai motsa a tsakiyar taro ana kallonsa?

Ku dubi kuma wa ake duka: baƙo mai tambayar hanya, almajiri, ɗan ci-rani, mai taɓin hankali, wanda ba shi da kowa a kusa. A unguwar da gidan Mumbayya yake, inda Malam Aminu Kano ya ƙarar da rayuwarsa yana yaƙi da zaluntar talaka, wannan abin kunya ne. Ko wanda ya yi imani sihiri ne, ya san shari'a ba ta ba ɗan majalisar unguwa ikon yanke hukunci ba. Akwai alƙali, akwai shaida. Wanda ya jefa dutse ɗaya aka mutu, da hannunsa a kisan kai, a kotu da kuma gobe ƙiyama.

Limamai su faɗi wannan a masallatai, masu unguwanni su faɗa wa 'yan sintiri. Saƙon da ya shigo wayarku ba suna, ba asibiti, ba takardar likita, ku goge shi, kada ku tura. Wanda kuma ya ji canji a jikinsa ya samu wuri ya zauna, ya sha ruwa, ya kira ɗan'uwansa ya raka shi Asibitin Murtala.