GUZURIN MAI ZUWA TARON MARUBUTA: DAGA GALMA ZUWA KANO

Ƴan'uwa masu karatu, a garuruwanmu na jahar Tawa, tun daga Galma da Madawa har Buza da Kaita, da wuya a sami unguwar da babu budurwa ko matar aure mai karatun littattafan soyayya. Da can ƴan kasuwa da ƴan ci-rani ne suke shigo da su daga Kano cikin kayansu, littafi guda ya zagaya gida goma har bangonsa ya fita. Yau kuwa ta wayar salula suke isowa, waɗansu a rubuce, waɗansu ana karanta su da murya. Mai yawan karatu kuwa, wata rana hannunsa zai yi ƙaiƙayi. Shi ya sa ake samun matasanmu da suka cika kaye biyu ko uku da labari, ba su da buri kamar su je taron marubuta su ga waɗanda suka daɗe suna jin sunansu. Domin su muka shirya wannan bayani. Da yake mata ne suka fi yawa cikin wannan sana'a, da harshen mace za mu yi magana, maza kuma su ɗebi rabonsu.

Kafin a ɗaura kaya, ya kamata baƙuwa ta san gidan da za ta shiga. Labarin soyayya ba baƙo ba ne a rubutun Hausa, gama ko cikin littattafan farko na shekarun 1930 akwai Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East, wanda so da ramuwa ne gininsa. A 1980 aka buga So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwaheed, bayan gasar da kamfanin NNPC na Zariya ya shirya. Amma babbar ambaliya sai daga tsakiyar shekarun 1980, lokacin da tattalin arzikin Nijeriya ya karye, manyan kamfanonin ɗab'i suka ja baya, matasa suka fara buga littattafansu da kuɗin aljihunsu. A nan ne aka ga Rabin Raina na Talatu Wada Ahmed, da Budurwar Zuciya na Balaraba Ramat Yakubu a 1987, da In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino a farkon shekarun 1990, da Allura Cikin Ruwa na Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa. Waɗannan marubuta sun kafa ƙungiyoyi domin su taimaki juna, irin su Raina Kama da Kukan Kurciya, daga baya kuma mata suka kafa nasu, Kallabi da Mace Mutum. Ga kuma reshen Kano na Ƙungiyar Marubuta ta Nijeriya, wato ANA, wadda Chinua Achebe ya jagoranci kafa ta a 1981. Galibin tarurrukan da ake gayyatar marubutan soyayya daga irin waɗannan ƙungiyoyi suke fitowa, tare da sababbin bukukuwa kamar HIBAF, bikin littattafai da fasahar Hausa da aka fara a Kaduna a 2021.

Wadda ta shiga zauren taro ba ta san waɗannan sunaye ba, kamar wadda ta je biki ne ba ta san gidan ango ba. Ta nemi ko uku daga cikin littattafan ta karanta tun tana gida.

Sai maganar hanya. Daga Galma a fito Madawa, a bi babban titi ta Gidan Rumji zuwa Maradi, a ƙetare iyaka a Ɗan Isa, a faɗa Jibiya, Katsina, sannan Kano. Tafiyar rana ce, kada a yarda dare ya riski mutum tsakanin Jibiya da Katsina, kuma a tambayi direbobin tasha halin da hanya take ciki a satin tafiya, domin sun fi kowa sani. Katin shaidar ɗan ƙasa da takardar rigakafi su kasance a jiki, ba cikin jakar da aka ɗaure bisa mota ba. A canza sefa zuwa naira wajen wanda aka sani, a kuma ware kuɗin komowa a ɓoye su daban, domin kasuwar littattafai ta Sabon Gari tana cinye guzurin mutum bai ankara ba. Budurwa ko matar aure ta fita da yardar gida da abokin tafiya, ta kuma san masaukinta tun kafin ta tashi. Kada ta dogara ga alkawarin wanda ba ta taɓa gani ba sai a WhatsApp. Takardar gayyata ma a tabbatar da ita daga bakin shugabannin ƙungiyar da ta kira taron: ina ne wurin, yaushe za a fara, akwai kuɗin rajista ko babu, wa zai ɗauki nauyin abinci.

To, an isa. Abin da ya fi cin baƙi a rana ta farko shi ne ɗaukar hoto. Sai ka ga yarinya ta yi tafiyar yini guda, ta kashe jikkoki masu yawa, amma ta ƙare taron tana bin mashahurai da waya a hannu, ta komo gida da hotuna hamsin ba ta ƙaru da kalma ɗaya ba. Hoto ba laifi ba ne, a bar shi sai an tashi. Wurin zaman baƙuwa shi ne inda za ta ji mai magana sosai, da kaye da bik a hannunta. A gaida manya da ladabi irin na gida, a faɗi suna da gari a taƙaice. In an ba da damar tambaya, a yi tambaya guda, gajera, wadda aka rubuta tun da farko, domin mai tambayar da ta zama lacca tana gajiyar da zaure duka.

Akwai tambayar da babu makawa sai an yi mata, ko a zaure ko wajen cin abinci: "Me littafinki ya ƙunsa?" A nan ne da yawa suke faɗuwa. Sai ta fara tun daga haihuwar kakar yarinyar, kafin ta kai ga saurayi mai sauraro ya tashi. A Amurka, inda aka kafa ƙungiyar marubutan soyayya tun 1980, an saba ba sabon marubuci mintoci kaɗan ƙidayayyu gaban mai ɗab'i, in lokaci ya cika sai ya ba na baya wuri. A Kano babu mai riƙe agogo, amma haƙurin mutane ma yana da iyaka. Ta shirya amsarta cikin jimla uku: wace ce yarinyar, me take so, me ya tare mata hanya. Ta maimaita su ga ƙawarta tun a gida har su zauna mata a baki.

Yanzu ga inda muke so mu daɗe, wato maganar kuɗi da amana, domin a nan ne ake kuka bayan taro. Wannan adabi tun asalinsa marubuci ne yake biyan mai buga rubutu da mai zanen bango da maɗaba'a, sannan ya kai littafin ga dillalan kasuwa, su karɓa bashi, su biya bayan sun sayar, wani lokaci kuwa sai an yi ta sintiri. Yau ciniki ya koma waya: ana sakin shafukan farko kyauta, mai son ci gaba ya biya a sa shi cikin zaure na musamman, ko a ɗora littafin a manhaja irin su ArewaBooks, ko a sayar wa masu tashar YouTube su karanta shi da murya. Kowace hanya da ramin da ke cikinta. Wanda ya biya sau ɗaya yana iya watsa littafin ga mutum dubu. Mai tasha yana iya karanta shi bai nemi izini ba. Manhaja ma tana mutuwa, kamar yadda OkadaBooks ta rufe a ƙarshen 2023, marubuta suka shiga neman inda za su mai da ayyukansu. Waɗannan su ne abubuwan da ya kamata baƙuwa ta tambayi tsofaffin hannu a kansu: nawa ne kuɗin ɗab'i, kashi nawa dillali yake ɗauka, yaya ake biyan wadda take Nijar alhali ciniki da naira ake yi. Amsar irin waɗannan tambayoyi ba a cika jin ta daga kan mumbari ba, sai a gefe, lokacin hutun salla da abinci.

Game da rubutun kansa kuwa, kada ta kuskura ta tafi da kwafi guda tilo. A bar na asali a gida, a tafi da babi ɗaya ko biyu da aka buga, da suna da lambar waya a kowane shafi. Duk wanda ya ce a ba shi labarin gaba ɗaya zai duba, ko zai kai wa masu shirya fim, a gode masa, a ce sai an yi takarda. Takardar ta faɗi abin da aka sayar: haƙƙin bugawa ne kawai, ko har da na karantawa da murya da na fim, na shekara nawa, a kan nawa, da shaidu. Ba rashin yarda ba ne, ko a kasuwar albasa ta Madawa ba a loda buhu sai an ƙidaya. A ƙasarmu akwai ofishin kare haƙƙin mawallafa, BNDA, a Yamai, wanda ya kamata marubutanmu su san ƙofarsa.

Haka kuma kada ta yi mamaki in ta ji ana sukar sana'ar a gabanta. Tun shekarun 1990 ake wannan muhawara. Ibrahim Malumfashi ya kira waɗannan littattafai Adabin Kasuwar Kano, yana ganin ba za su daɗe ba, Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu da waɗansu suka kare su a jaridu. A 2001 aka kafa hukumar tace fina-finai ta jahar Kano, a 2007 kuma, zamanin gwamna Ibrahim Shekarau, aka ƙone littattafan da aka karɓe daga hannun ƴan makaranta bisa zargin ɓata tarbiyya, daga nan hukumar ta nemi marubuta su yi rajista, aka yi ta ja-in-ja. Duk da haka littafin Balaraba, Alhaki Kuykuyo Ne, ya fito da Turanci a ƙasar Indiya a 2012. Har yanzu za a ji ana kukan masu cika rubutu da batsa domin su ja kasuwa, kuma kukan yana da gaskiya. Baƙuwa ta saurara, kada ta ɗauki ɓangare a rigimar ƙungiyoyi da ta girme ta. In aka yi wa nata rubutun gyara a bainar jama'a, ta rubuta abin da aka ce, ta bari sai ta kwana kafin ta yanke wanda za ta ɗauka da wanda za ta bari.

Saura maganar harshe, wadda ta shafe mu kai tsaye. Ƴar Galma za ta buɗe baki ta ce biyat, ta ce tahiya, ta ce lakwal da mushe, a yi murmushi. Kada wannan ya sa ta yi shiru, kada kuma ta shiga kwaikwayon Kananci dare ɗaya. Abin da ake bukata shi ne ta san daidaitacciyar Hausa da ƙa'idojin rubutu: raba kalmomi, haruffa masu lanƙwasa, da bambancin da ke tsakanin ƙasashen biyu, misali harafin ƴ da muke rubutawa a Nijar, su kuwa suna sa y da waƙafi a gabanta. Bayanin marubuciya ya tafi bisa ƙa'ida, amma mutanen cikin labari a bar su su yi maganar garinsu. Tun da kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, nauyin iya rubuta ta daidai ya ƙaru a kanmu. Kuma an riga an gwada an gani: a gasar Hikayata da BBC ta fara a 2016 domin mata, Nana Aicha Hamissou Abdoulaye ta zo ta biyu a 2021, Amira Souley kuma ta zo ta ɗaya a 2022 da labarinta Garar Biki, dukansu daga Maradi.

Mu kam a ganinmu, babbar hasarar da marubuciyar ƙauye za ta yi ita ce ta komo daga taro tana rubuta gidajen bene da motocin Abuja da ba ta taɓa shiga ba, domin ta ga shi ne yayi. Masu wannan sun yi yawa. Abin da Kano ba ta da shi yana nan Galma: amaryar da mijinta ya tafi Abijan ko Libiya wata uku bayan biki, tana jiran kiran waya shekara biyu, saurayin da aurensa ya rataya ga farashin albasa, in ta faɗi a ɗage biki, yarinyar da aka fitar daga lakwal ana saura shekara guda ta yi jarrabawa, uwar miji da ke riƙe da kuɗin da ɗanta ya aiko. In aka tambaye ta daga ina take, ta faɗa da ƙarfi, ta kuma ba da labarin wurin, domin editoci da alƙalan gasa sun gaji da labari iri ɗaya.

Ranar ƙarshe ta duba lambobin da ta karɓa, ta rubuta kusa da kowace ko wane ne mai ita da abin da suka tattauna, tun ba ta manta ba. Cikin satin da ta komo ta aika gaisuwa da godiya ga mutum uku ko huɗu da suka ba ta lokacinsu, ta tura babin da ta yi alkawari ga wanda ya nema, ba fiye da shi ba. Littattafan da ta sayo kuma ta rubuta sunanta a kansu kafin su fara zagaya unguwa.