Kayan gyaran da mazaunin Doha ke buƙata a gida da mota, da ayyukan da ya kamata ya bar wa ƙwararru

A Kano ko Zariya ko Maraɗi, idan famfo ya fara ɗiga ko ƙofa ta ƙi rufuwa, da wuya mai gida ya tashi neman sifana ko guduma. Yaro ake aikawa bakin layi, kafin shayi ya huce mai gyara ya iso da jakarsa.

A Doha, babban birnin Qatar, lamarin ba haka yake ba. Galibin garejin kanikawa da wuraren walda da na kafintoci an tattara su ne a unguwar masana'antu da ke kudu maso yammacin birnin, nesa da unguwannin zama. Wanda ke haya kuwa sai ya sanar da mai gida ko kamfanin da ke kula da ginin, sannan ya zauna jira.

Ga ƴan Najeriya da Nijar da Ghana da ke aiki a ƙasar, wannan jira yana da tsada. Mafi ƙarancin albashi a Qatar, tun daga watan Maris na 2021, riyal 1,000 ne a wata, ban da alawus na abinci da masauki. Mai irin wannan samu ba zai so ya riƙa biyan kuɗi a kan kowane noti da ya kwance ba.

Sai dai mafita ba ita ce a sayi duk abin da aka gani a kanti ba. Yanayin garin da irin gininsa su ne ke faɗa wa mutum abin da zai saya.

Abin da zafi da ƙura ke yi wa gida

Abubuwa uku ne ke cin kaya a Doha: zafi da ƙura da laimar teku.

A watan Yulin 2010 zafi ya kai digiri 50.4 a ma'aunin Salshiyos a birnin, kuma abu ne da aka saba gani ya haura digiri 40 daga Yuni zuwa Satumba. Irin wannan zafi yana busar da roba har ta tsage, yana kuma rage wa batir kwana. Ƙurar hamada tana toshe matatar iska ta na'urar sanyaya ɗaki. Laimar da ke tasowa daga teku, mai ɗauke da gishiri, ita ce ke sa ƙarfe tsatsa ko da ruwan sama bai taɓa shi ba.

Wannan ne ya sa yawancin gyare-gyaren gida a Doha ke komawa ga abu huɗu: na'urar sanyaya ɗaki da famfo da wutar lantarki da kuma mota.

Akwatin farko

Abin da za a fara da shi bai wuce abin da ƙaramin akwati zai ɗauka ba.

Akwai sukudireba iri biyu, mai faffaɗan baki da mai bakin tauraro, manya da ƙanana. A nan akwai abin lura: mai bakin tauraron ma kala biyu ce. Kayan ɗaki na haɗa-da-kanka, irin waɗanda kamfanin IKEA ke sayarwa tun da ya buɗe reshensa a Doha Festival City a 2013, sun fi zuwa da sukuru samfurin Pozidriv, wanda ya ɗan bambanta da na Phillips da aka fi sani. Idan aka sa wa ɗaya sukudirebar ɗayan, kan sukurun ne zai cinye. Irin waɗannan kaya suna kuma buƙatar lanƙwasassun makullan nan masu kusurwa shida.

Sai guduma mai ƙahon cire ƙusa, da filaya biyu, ɗaya ta kamu ɗaya mai dogon baki, da sifana mai ƙari da ragi, da tef ɗin awo mai tsawon mita biyar, da wuƙar yankan kwali, da tocila. A haɗa da ma'aunin nan mai ruwa a ciki da magina ke duba daidaiton gini da shi, da gajeren tsani mai buɗewa wanda ke tsayawa da ƙafafunsa. Hawa kujerar roba domin canza ƙwan fitila na cikin hanyoyin da mutane ke karya hannu a banza.

Galibin gidajen Doha da bulo da kankare aka gina su, don haka ƙusa ba ta shiga bango da guduma kaɗai. Mai son rataya labule ko kanta yana buƙatar injin huda bango mai bugu, da bakinsa na kankare mai kaurin milimita 6 da 8, da robobin da ake cusawa a rami kafin a ɗaura sukuru.

Amma kafin a huda, a duba abu biyu. Na farko, wayoyin wuta kan bi cikin bango ne a miƙe, sama ko ƙasa ko gefe daga soket da makunni, saboda haka a kauce wa waɗannan layuka, haka ma bangon da ke jingine da banɗaki ko kicin, inda bututun ruwa ke bi. Na biyu, a karanta takardar haya. Dokar haya ta Qatar, mai lamba 4 ta 2008, ta ɗora manyan gyare-gyare a kan mai gida, ta kuma hana ɗan haya sauya fasalin gini ba da izini ba. Ramukan da aka bari a bango kan zama dalilin zaftare kuɗin ajiya ranar tashi.

Na'urar sanyaya ɗaki da famfo

A Doha na'urar sanyaya ɗaki ba kayan alatu ba ce. Gidan da ta mutu a cikinsa a watan Agusta ba ya kwanuwa, musamman idan akwai jarirai ko tsofaffi.

Abin da ya fi rage mata ƙarfi shi ne ƙura, kuma maganinsa ba ya buƙatar gwani. A kashe ta, a buɗe murfin gaba, a zaro ragar da ke tace iska, a wanke da ruwa, a bari ta bushe sannan a mayar. A lokacin zafi ya kamata a yi haka duk bayan mako biyu zuwa huɗu. Idan kuma ruwa ya fara zuba daga jikinta zuwa cikin ɗaki, sau da yawa siririn tiyon da ke fitar da ruwa waje ne ya toshe. Burushi mai laushi da tsumma da tsani sun wadatar. Abin da ya shafi gas ɗinta ko injin da ke waje kuwa, aikin mai sana'ar ne.

Batun famfo yana da nauyi na daban a ƙasar da kusan dukkan ruwan shanta daga teku ake tace shi, a manyan tashoshi irin na Ras Abu Fontas da Ras Laffan da Umm Al Houl. Hukumar wuta da ruwa ta ƙasar, Kahramaa, ta ƙaddamar da shirin tsimi mai suna Tarsheed a 2012, kuma dokar da aka yi wa gyara a 2015 ta tanadi tarar da za ta iya kai wa riyal 20,000 ga wanda ya yi amfani da ruwan sha ta buɗaɗɗen tiyo wajen wanke mota ko harabar gida. Ke nan bokiti da soso ma kayan aiki ne.

A cikin gida, wurin da ya fi yawan yoyo shi ne ɗan tiyon tsarki da ke gefen masai, wanda Larabawa ke kira shaɗɗaf. Kullum yana cikin matsin ruwa, kuma idan ya fashe da dare ko bayan an fita aiki, ruwan kan cika ɗaki har ya sauka kan maƙwabcin da ke ƙasa. Canza shi aikin minti goma ne ga mai sifana da farin zaren roba da ake naɗawa a bakin bututu. A ajiye ƴan zobban roba na famfo masu girman rabin inci, da robar nan mai sanda da ake zuƙo toshiyar kwatami da ita.

Wutar lantarki da gas

Qatar na amfani da wuta mai ƙarfin bolt 240, da soket mai rami uku irin na Birtaniya. Wanda ya zo daga Najeriya ya san shi. Wanda ya zo daga Nijar da kaya masu filogi mai zagayayyun ƙafafu biyu, gara ya canza filogin ko ya sayi mahaɗi mai kyau, maimakon cusa tsinke a soket domin ya buɗe.

Kowane filogi mai ƙafa uku yana da fis a ciki, kuma mafi girmansa amfiya 13 ne. A lissafi, wannan na nufin soket ɗaya ba ya ɗaukar abin da ya wuce wat 3,100 da ɗan kai. Butar dafa ruwa ta lantarki kaɗai tana cin wat 2,000 ko fiye. Idan aka haɗa ta da dutsen guga a kan wayar jona-jona guda, an wuce iyaka. Wannan hatsari ya fi yawa a ɗakunan da mutane da dama ke zaune tare.

Abin da mai gida ke buƙata a nan kaɗan ne: fis na ajiya mai amfiya 3 da 13, da baƙin tef na wuta, da ƙaramar mitar gwajin wuta. Ita mitar ta fi testa mai ɗan ƙwai aminci, domin hasken testa ba ya fitowa sosai a wuri mai haske, kuma tana iya yaudarar mutum.

Iyakar aikin wanda bai koyi sana'ar ba ita ce canza ƙwai da fis da filogi. Akwatin rarraba wuta da na'urar dumama ruwan wanka da wayoyin cikin bango ba wurin gwaji ba ne. Mazauna Doha ba su manta da gobarar rukunin kantunan Villaggio ta ranar 28 ga watan Mayun 2012 ba, wadda ta hallaka mutum 19, cikinsu har da yara 13, kuma binciken hukuma ya danganta tashinta da matsalar wayar lantarki.

Haka gas ɗin girki yake. Idan ana zargin tukunyar gas ko tiyonta na yoyo, da ruwan sabulu ake gwadawa: inda kumfa ya taso, nan ne. Ba a gwadawa da ashana. Tukunyar kashe gobara da bargon kashe wuta su kasance kusa da ƙofar kicin, ba a bayan murhu ba. Lambar neman agajin gaggawa a Qatar ita ce 999.

Abin da ya kamata ya zauna a mota

Ga yawancin mazauna Doha, gareji bai wuce rumfa ko wurin ajiye mota a ƙarƙashin bene ba, don haka but ɗin mota shi ne ma'ajiyar kayan aiki.

Zafi yana sa batirin mota ya mutu da wuri, sau da yawa ba tare da wata alama ba. Wayoyin jona batir, ko ƙaramar na'urar tayar da mota, su ne na farko. Da mitar gwajin wuta kuma za a iya gane halin da yake ciki: lafiyayyen batir yana nuna kusan bolt 12.6 idan mota na kashe.

Na biyu shi ne taya. A tanadi ma'aunin iska da ƙaramin injin hura taya, a kuma riƙa gwadawa da safe kafin kwalta ta ɗauki zafi. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka ƙera ta: 2522 na nufin mako na 25 na shekarar 2022. Taya na iya tsufa ta tsattsage alhali zanenta bai cinye ba, kuma tana cikin abubuwan da ake dubawa a cibiyoyin Fahes, inda ake gwada lafiyar mota kafin sabunta takardunta.

Sai jak da sifanar kwance taya da alamar gargaɗi mai kusurwa uku da ruwan sha. Motocin Japan da Koriya, waɗanda suka cika titunan birnin, notinansu na awon milimita ne, kuma sifana mai lamba 10 da 12 da 14 da 17 ta isa yawancin ƙananan ayyuka. Kada a buɗe murfin lagireto inji na da zafi.

Masu fita yawon hamada wajen Sealine ko Khor Al Adaid suna rage iskar taya kafin su hau rairayi. Su kam dole ne su ƙara da shebur da igiyar jan mota mai ƙarfi, kuma ba a shiga can da mota ɗaya.

Ƙaramin wurin sana'a

Wanda ke da wurin aikin katako ko ƙarfe zai buƙaci zarto na itace da na ƙarfe, da magagari, da matsi mai riƙe abin da ake aiki a kai, da injin yanka da gurzar ƙarfe. Tabarau na kariya da safar hannu da takunkumin ƙura ba a raba su da waɗannan.

Lokacin aiki ma yana cikin lissafi. Tun 2021 Qatar ta haramta sa ma'aikata aiki a fili daga ƙarfe 10 na safe zuwa 3:30 na yamma, daga 1 ga watan Yuni zuwa 15 ga watan Satumba. Zafin da aka yi dokar dominsa ba ya bambance ɗan kwangila da mai gyaran motarsa a ƙofar gida.

Kayan ƙarfe a riƙa shafa musu ɗan mai, a rufe su a akwati saboda laima. Batiran injina marasa waya kuwa kada a bar su cikin motar da ke rana, domin zafin cikinta ya zarce na waje nesa ba kusa ba, kuma yana lalata irin wannan batir.

Ina ake samun su?

Kamar yadda Kano ke da Ƙofar Ruwa, Kaduna ke da Panteka, Yamai ke da Katako, haka Doha ke da wurarenta. Unguwar Najma ta daɗe da suna wajen shagunan kayan gini da kasuwar gwanjo ta Souq Al Haraj. A Souq Waqif akwai layin masu kayan aikin hannu, sannan titin Salwa da unguwar masana'antu suna da kayan mota. Manyan kantuna ma na sayar da akwatunan da aka riga aka haɗa.

Guduma da sifana da tsani na gwanjo ba su da laifi idan an duba su da kyau, kuma da yake kusan kashi tara cikin goma na mazauna ƙasar baƙi ne masu zuwa da tafiya, irin waɗannan kaya ba sa yankewa a kasuwa. Amma abin da ya shafi wuta da jak da tukunyar kashe gobara, a nan ne araha ba ta ado.

Kafin a sayi ko da sukudireba ɗaya, akwai abin da ya kamata wanda ya tare a sabon gida ya yi a ranar farko: ya nemi inda ake rufe ruwan gidan gaba ɗaya, da inda ake kashe wutarsa, da yadda ake rufe gas, sannan ya nuna wa duk wanda ke kwana a gidan.