Ba Kowace Ambaliya Ce Daga Kamaru Ba

Da zarar watan Agusta ya kama, sai saƙon nan ya fara yawo a WhatsApp: "Kamaru ta buɗe dam, kowa ya yi ta kansa." Har mutumin Ringim za ka ji yana tsine wa Kamaru don ruwa ya ci masa gero. Wannan magana ta ishe ni.

Dam ɗin da ake nufi shi ne na Lagdo, wanda aka kammala a 1982 a kan kogin Binuwai, sama da garin Garwa. Wutar lantarki yake samarwa, megawat 72. Ruwan da aka sako daga can hanyarsa ɗaya ce: ya shigo Adamawa, ya bi Taraba da Makurɗi, ya haɗu da kogin Kwara a Lokoja. To, ta ina ya biyo ya hau Jigawa? Ruwan Ringim da Auyo da Haɗeja na kogin Haɗeja ne, wanda madatsun Tiga da Challawa na jihar Kano ke kan rassansa, kuma kacalla da rairayi sun cushe masa hanya. Ambaliyar da ta mamaye Maiduguri a Satumbar 2024 kuwa dam ɗinmu ne na Alau ya ɓalle, irin abin da garin ya taɓa gani a 1994. Wa za mu tsine wa a nan?

Ko a kan Binuwai ɗin, masana ruwa sun daɗe suna nuna cewa manyan rassansa, Faro da Gongola da Taraba da Donga da Katsina-Ala, duk a ƙasan Lagdo suke zuba. Idan damina ta yi ƙarfi, su kaɗai sun isa su tumbatsa kogin. Ban ce sakin ruwan Lagdo ba ya ƙara ɓarna ba. Mutanen Yola da Numan sun ɗanɗana a 2012. Amma mai kula da dam ba don mugunta yake buɗe ƙofa ba. Ruwan nan shi ne jarinsa, da shi yake juya injin wuta har rani. In tafkin ya cika ya ƙi ragewa, bangon ne zai fashe, kuma abin da zai biyo baya ya fi ƙarfin a kira shi ambaliya. Haka muke yi mu ma a Kainji da Jebba da Shiroro. Dam ɗin Dasin Hausa da aka tsara a Adamawa don ya tare rarar ruwan, shekaru arba'in ana maganarsa a takarda.

Sauyin yanayi ma da hannunsa, don ruwan wata guda yanzu kan zuba a kwana biyu.

Abin takaicin shi ne bincike na nan. Kowace shekara hukumar NIHSA na fitar da hasashen ambaliya, ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma, NiMet kuma na faɗin yadda damina za ta kasance. Wa ke karantawa? Malam, ka tambayi kansilanku ko garinku na cikin jerin, tun kafin shuka. Ka san sunan kogin da ke kusa da kai da dam ɗin da ke samansa. Masu unguwanni su tara matasa a yi gayyar yashe lambatu da kwalbati tun watan Mayu, ba sai ruwa ya kai gwiwa ba. In wani zai sayar maka da fili a bakin rafi da arha, ka tambayi dattawan wurin inda ruwa ya tsaya a 2012 da 2022. Manomin fadama ya nemi iri mai saurin nuna, ya ɗaga rumbunsa kan tudu. Takardun gida da na makarantar yara a ƙulle su cikin leda a rataye sama. Idan kuma sanarwar tashi ta zo daga NEMA ko fadar hakimi, a fara kwashe tsofaffi da yara da dabbobi da rana tsaka, kada a jira dare a cusa mutum hamsin a kwalekwalen mutum ashirin.