Daga Abuja Zuwa Argungu: A Gareji Ake Cin Tseren Mota

A watan Maris na 2020, da aka farfaɗo da bikin kamun kifi na Argungu bayan ya yi shekara goma ba a yi shi ba, daga Abuja ayarin motocin tseren bikin ya tashi. Hukumar NADDC, wadda Jelani Aliyu yake shugabanta a lokacin, ta sa motocin da aka harhaɗa a Nijeriya cikin tafiyar domin a gwada ƙarkonsu. Shi kuwa bikin tun 1934 ake yinsa a kogin Matan Fada.

To, wanda bai taɓa shiga irin wannan tsere ba yakan ɗauka gudu ne kawai. Masu sana'ar sun san ba haka ba ne. Tafiya ce ta ɗaruruwan mil a kan hanyar kowa da kowa, ga manyan motoci, ga shanu, ga ramuka, ga zafin bazara da yakan kai digiri 40 a ƙasar Kabi. Motar da ba a shirya ba, a hanya za a bar ta.

Saboda haka shiri yakan fara makonni kafin ranar tashi, a wurin makanikai irin na unguwar Apo. Birki ne farko. Akan sauya takalman birki da mansa, domin tsohon man birki yana shan danshi, in ya yi zafi sai ya tafasa, direba ya taka ya ji wayam. Daga nan sai lagireto, a wanke shi, a duba robobinsa da belin fanka. Sai a juye baƙin mai, a sa sabuwar matatar iska, don ƙura ita ce ajalin inji.

Bayan haka sai ƙafafu. Taya tana da ranar haihuwa a jikinta: lambobi huɗu, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. Tsohuwar taya, ko da zanenta bai cinye ba, zafin kwalta yana iya fasa ta. Akan duba shokazoba, a ɗaura farantin ƙarfe a ƙarƙashin inji don kada dutse ya huda tukunyar mai. A manyan tseren duniya kuma tilas ne a ƙera bututun ƙarfe a cikin mota, wanda zai tokare rufi in ta kife, ga hular kwano da abin kashe gobara.

Tarihi ma ya nuna ƙarko ya fi gudu. Peugeot 504, irin wadda aka yi ta harhaɗawa a Kaduna, ita ta ci tseren Safari na Kenya a 1975, ba don ta fi sauran ƙarfin inji ba, sai don ta jure hanya.

Abu na ƙarshe shi ne gwaji. Kada a fito da mota daga gareji yau a shiga tsere gobe. A yi doguwar tafiya da ita tukuna, a saurari kukanta, a sake ɗaure duk abin da ya kwance. Samarin da ke wasa da mota a titunan Abuja su lura: ran direba da na mai tafiya a gefen hanya duk a hannun wannan shiri suke. Rigakafi dai ya fi magani. Allah Ya kiyaye hanya.